Scone ko Robertson: ina mai son koyon kiwon doki zai dosa?

Ɗan ƙanwata ne ya jawo wannan rubutu. Ya gama karatun likitan dabbobi, ya yi bautar ƙasa, kuma tun yana ƙarami ba ya wuce turke bai tsaya ba. Ran nan ya same ni bayan la'asar ya ce, "Kawu, ina so in je in ga yadda ake kiwon doki a inda aka mayar da shi sana'a ta gaske. Garuruwa biyu nake dubawa, Scone a Ostireliya da Robertson a Afirka ta Kudu. Wanne ka gani?" Na ce masa ya ba ni kwana biyu. Da na zauna tsara amsar sai na ga ba shi kaɗai take wa amfani ba, domin akwai masu folo a Kaduna da Katsina da Kano, akwai masu ajiye dawakin hawan sallah, waɗanda ko dai su ne ke son zuwa, ko kuma suna son tura wani yaro ya koyo musu aiki.

A takarda garuruwan kamar Hassan da Husaini suke. Dukansu ƙanana ne, a cikin kwari, duwatsu sun kewaye su. Dukansu suna yankin da aka sani da noman inabin giya da kiwon dawakin sukuwa jinsin Thoroughbred. Har sunayensu daga Sikotilan suka fito: Scone, wanda mutanensa ke furtawa "Sikon", an sa masa sunan wani tsohon gari na can a 1837, shi kuwa Robertson an kafa shi a 1853 da sunan wani limamin coci ɗan Sikotilan, Dakta William Robertson. Kuma da yake duka biyun suna kudancin duniya, kalandarsu ɗaya ce: ranar 1 ga Agusta kowane dokin sukuwa ke ƙara shekara a lissafi, ko da a Nuwamba aka haife shi, ranar 1 ga Satumba kuma ake buɗe barbara. Amma kamannin a nan suka tsaya.

Bambancin da ya fi kowane girma shi ne wane ne mai gida a kowane gari. A Scone doki ne mai gida, inabi maƙwabci ne na nesa. A Robertson inabi ne mai gida, doki kuwa babban baƙo ne da aka ba ɗaki mai kyau.

Scone yana jihar New South Wales, kimanin kilomita 270 arewa da Sidni, a saman kwarin kogin Hunter. Mutanensa ba su kai 6,000 ba. Kirarin da garin ke yi wa kansa shi ne babban birnin dawakin Ostireliya, kuma ba cika baki ba ne. A wani lambu a cikin gari akwai mutum-mutumin goɗiya da ɗan dukushinta, a watan Mayu ana bikin dawaki har a rufe babban titi a yi jerin gwano, sannan a yi gasar sukuwar Scone Cup. Ka fita gari ta kowace kusurwa, shingen katako ne da makiyaya. Arrowfield na John Messara tana nan kusa, inda ingarman nan Redoute's Choice ya zauna har ya mutu a 2019. Yarraman Park tana nan, gidan ingarma I Am Invincible. Vinery da Segenhoe da Kia Ora duk a kewayen suke. Ka gangara Aberdeen, tafiyar 'yan mintoci, ga Newgate, ga Kelvinside ta Sheikh Mohammed na Dubai. Ka ƙara gangarawa kudu wajen Jerrys Plains ka iske Coolmore, reshen babban gidan nan na ƙasar Ailan. Bayan Amurka babu ƙasar da ta kai Ostireliya yawan haifar dawakin sukuwa a shekara, kuma wannan kwari shi ne cibiyar abin.

Gonakin inabin da suka yi wa sunan Hunter suna kuwa yawancinsu suna can ƙasa, wajen Pokolbin kusa da Cessnock, tafiyar sama da awa ɗaya daga Scone, sai wasu kaɗan wajen Denman. Mutum na iya shafe wata shida a Scone bai taka gonar inabi ba. Wannan ba yana nufin garin ba ya sha ba ne. Mashaya ita ce dandalin ma'aikatan barga idan an tashi aiki, kuma wanda ba ya shiga zai ɗan ji kaɗaici a farko. Amma abincinka ba daga giya yake fitowa ba, kuma ba ka kwana kana tashi a tsakiyarta.

Robertson kuwa yana lardin Western Cape, kimanin kilomita 160 gabas da Cape Town. Ana bin babbar hanyar N1, a ratsa ramin Huguenot da aka huda a cikin dutse, a kai Worcester, sannan a karya dama. Ya fi Scone girma sosai, don a ƙidayar 2011 mutanensa sun haura 27,000. Kirarinsa shi ne kwarin giya da furen wardi, ka ga doki ma bai samu shiga kirarin ba. Inabi na nan har bakin titi. Ga gidajen giya irin su De Wetshof, Van Loveren, Springfield, Graham Beck, Robertson Winery da aka kafa a 1941, ga kuma matatar barasar Klipdrift a cikin garin kansa. Bukukuwan garin na giya ne, baƙin da ke zuwa ƙarshen mako ɗanɗanon giya ke kawo su. A tsakanin waɗannan gonaki ne gidajen dawakin suke: Maine Chance, inda Silvano haifaffen Jamus ya zauna kuma ɗansa Vercingetorix ya gaje shi, Ridgemont, wadda a da ake kira Highlands lokacin da take mallakar marigayi Graham Beck mai giyar nan, Klawervlei a Bonnievale, inda ingarma Captain Al ya zauna, da Normandy da Riverton. Wani lokaci ma gida ɗaya ne ke yin duka biyun. Zandvliet da ke kusa da Ashton an san ta da jan giya, kuma ita ce ta haifi Pocket Power, dokin da ya ci gasar Queen's Plate ta Cape Town sau huɗu a jere daga 2007 zuwa 2010.

Me ya haɗa doki da inabi a wuri ɗaya? Ƙasa ce. Ƙasar Robertson tana da farar ƙasa a jikinta, irin dutsen da ake ƙonawa a yi siminti. Manoman inabi na sonta, masu kiwo kuma sun daɗe da yin imani cewa ciyawar da ta tsiro a kanta na gina wa ɗan dukushi ƙashi mai ƙwari. Wanda ya taɓa ganin tsofaffin masu dokinmu suna jiƙa kanwa a ruwan sha ba zai yi mamakin wannan tunani ba.

Tun da na taɓo giya, bari in gama da maganar addini gaba ɗaya, domin na san ita ce tambayar farko da za a yi a gida. Duk wanda zai shiga harkar dawakin sukuwa, a ko'ina ne, ya sani cewa kuɗin da ke juya ta daga caca suke fitowa. Kyautar da ake ba dokin da ya ci, wadda ita ce ke sa a sayi ɗan doki da tsada, yawancinta daga masu zuba kuɗin caca take. Wannan bai bambanta Scone da Robertson ba. Mai karɓar haihuwar goɗiya da ƙarfe biyun dare ba caca yake yi ba, amma ya kamata ya san kogin da ruwan ya fito, ya tambayi malaminsa kafin ya tashi, ba bayan ya sauka ba. Inda garuruwan suka bambanta shi ne, abin mamaki, garin giyar ne ya fi sauƙin zama ga Musulmi. Western Cape tana da al'ummar Musulmi da ta haura shekara 300, tun zuwan Shehu Yusuf na Makassar a 1694, kuma masallacin Auwal da ke Bo-Kaap a Cape Town tun 1794 yake. Saboda haka tambarin halal abu ne da aka saba gani a kantuna, kuma akwai Musulmi da masallaci a Worcester, kilomita 50 daga Robertson. Daga Scone kuwa, masallacin da za ka dogara da shi yana Newcastle, kimanin kilomita 150. A lokacin haihuwar dawaki, da wuya mai gida ya sake ka kowace Juma'a ka yi wannan tafiya ka dawo.

Yanzu ga aikin kansa. Goɗiya tana ɗaukar ciki kwana 340 ko kusa da haka, kuma yawanci da dare take haihuwa, don haka daga Agusta zuwa Nuwamba akwai masu gadin dare da ba su da aiki sai zagaya goɗiyoyi masu tsohon ciki da fitila. Ƙa'idar da za a fara koya maka a duka wuraren ɗaya ce: ɗan ya miƙe cikin awa ɗaya, ya kama nono ya sha dakashi cikin awa biyu, mabiyiya ta faɗo cikin awa uku. In ɗaya ya saɓa, a kira likita. Dokar jinsin Thoroughbred ta hana ɗura wa goɗiya maniyyi da hannu, dole ingarma ya hau da kansa, shi ya sa ake loda goɗiyoyi a mota ana kai su gidan ingarma, kuma shi ya sa gidajen kiwo ke taruwa a kwari ɗaya. Bayan haihuwa da barbara sai shirin 'yan shekara ɗaya don kasuwar gwanjo: wanka, goge jiki, gyaran kofato, da jan su da ragama ana tafiya a ƙasa kullum har makonni, don su yi tsoka su kuma koyi ladabi.

Duk wannan za ka gani a wuraren biyu. Abin da ya bambanta shi ne yawa da kuɗi. A Scone babban ingarma na iya hawan goɗiya sama da 150 a kaka ɗaya. Kuɗin hawan I Am Invincible sau ɗaya ya haura dalar Ostireliya 300,000 a 2023. Wasu ingarmun ma jirgin sama suke hawa, su yi kakar barbara a Ailan ko Amurka daga Fabrairu, su zo Hunter a watan Agusta su sake wata. Winx, goɗiyar da ta ci tsere 33 a jere, a gonar Coolmore ta Jerrys Plains aka haife ta a 2011, kuma 'yarta guda ɗaya aka sayar a gwanjon Inglis na Sidni a 2024 a kan dala miliyan 10. Inda dabba ke da irin wannan daraja, ba a jiran ta nuna alamar ciwo. Asibitin dawaki na Scone yana cikin mafi girma a kudancin duniya, da ɗakin tiyata da sashen kula da 'yan dukushin da aka haifa da matsala, ana sa musu ƙarin ruwa da iskar numfashi kamar jariran mutane. A can ne Black Caviar, wadda ta yi tsere 25 ba a taɓa cin ta ba, ta mutu a Agustan 2024 bayan haihuwa. Likitan da ya yi kaka ɗaya a nan zai ga wahalar haihuwa da murɗewar hanji da karkatattun ƙafafu da yawan da a gida sai ya shekara goma bai gani ba.

Robertson ba ta da wannan yawan, kuma masana'antar sukuwar Afirka ta Kudu ta sha jiki. Kamfanin Phumelela, wanda a lokacin yake gudanar da yawancin filayen tsere, ya durƙushe a 2020, sai da Mary Slack ta gidan Oppenheimer ta sa kuɗinta aka ceto harkar. Yawan 'yan dukushin da ake haifa a ƙasar bai kai rubu'in na Ostireliya ba. Sai dai ƙanƙantar nan tana da nata amfanin ga mai koyo. A babban gida na Hunter aiki a rarrabe yake, wanda aka sa wa 'yan shekara ɗaya zai iya gama kakarsa bai leƙa ɗakin barbara ba. A gida matsakaici kuwa hannu ɗaya ne ke taɓa abubuwa da yawa, kuma ana tambayar ko magani kaza ya cancanci kuɗinsa kafin a saya. Wannan tambayar ita ce za ka riƙa yi kullum idan ka dawo Zariya ko Maraɗi.

A nan ne ra'ayina ya fara karkata, kuma cuta ce ta karkatar da shi. Akwai cutar dawakin Afirka, wadda wasu ƙananan ƙwari masu cizo da ba su kai sauro girma ba suke yaɗawa daga faɗuwar rana zuwa hantsi. Tana kumbura kan doki, musamman ramin saman ido, ta cika masa huhu da ruwa har kumfa ta riƙa fita ta hanci, kuma a cikin dawakin da ba su da kariya tana iya kashe tara cikin goma. Ƙwayar cutar iri tara ce. Ba a taɓa samun ta a Ostireliya ba. A Najeriya kuwa akwai ta, kuma dawakin da aka shigo da su daga waje, irin na Ajantina da masu folo ke kashe maƙudan kuɗi a kansu, su ta fi kayarwa, don namu na gida sun ɗan saba da ita. Babu ƙasar da ta kai Afirka ta Kudu sanin wannan cuta. A Onderstepoort kusa da Pretoria aka yi fiye da ƙarni ana bincikenta, can ake yin allurar rigakafinta. Lardin Western Cape an yanka shi shiyya-shiyya saboda ita, kuma Robertson na cikin yankin da doka ta sa wa ido: ba a shigo da doki sai da takardar izini da shaidar rigakafi, allurar kanta tana da watanninta, daga Yuni zuwa Oktoba, lokacin da sanyi ya kwantar da ƙwarin. Ɓarkewar da aka samu a 2011 ta sa Tarayyar Turai ta rufe ƙofa ga dawakin ƙasar, shekara da shekaru sai an bi da su ta tsibirin Mauritius an killace su watanni, har zuwa 2024 da aka sake buɗewa. Mutanen da suka yi irin wannan asara ba sa wasa da shigar da doki barga kafin magariba, da sa raga a taga, da auna zafin jiki safe da yamma. Wannan ilimi ne da za ka sa a aljihu ka kawo gida ka yi aiki da shi washegari.

Scone ma na da tata cutar, amma ba tamu ba ce. Hendra, wadda jemagu masu cin 'ya'yan itace ke ɗauke da ita, tana kashe doki tana kuma kama mutum. An fara ganinta a Brisbane a 1994, an samu rigakafinta a 2012, kuma a 2019 ta kashe wata goɗiya a kusa da Scone. Za ka koyi tsafta da kariyar kai sosai saboda ita, sai dai ba za ka taras da ita a Kano ba.

Ruwa ma haka. Robertson busasshen wuri ne, ruwan samansa bai kai milimita 400 a shekara ba, kusan irin na Tawa ko Damagaram, sai dai nasu a lokacin sanyi yake sauka. Duk koren da ake gani a kwarin ban-ruwa ne daga kogin Breede da madatsar Brandvlei, ta magudanai da famfuna. Yadda suke noman ciyawar alfalfa a ƙasa mai ƙishi, su yanka, su shanya, su daure, su lissafa abin da kowace goɗiya za ta ci har shekara ta zagayo, darasi ne ga duk wanda ya taɓa neman harawa a watan Afrilu ya ji farashinta. Scone ta fi samun ruwa, kuma nata ya fi sauka a lokacin zafi kamar namu, ga madatsar Glenbawn a kusa. Amma ita ma ta ɗanɗana fari mai tsanani daga 2017 zuwa 2019. Abin da ya fi damun masu dawakin Hunter ma ba fari ba ne, kwal ne. Muswellbrook, babban gari na gaba daga kudu, manyan ramukan haƙar kwal ne suka kewaye shi. An shafe shekaru ana ja-in-ja a kan wani sabon rami, Drayton South, da aka so a buɗe daura da gonakin Coolmore da Godolphin (gidan dawakin Sheikh Mohammed), hukuma ta yi ta ƙin amincewa har zuwa 2017. Ga baƙo, ma'anar wannan ita ce ma'aikatan ma'adinai masu albashi mai tsoka suna neman ɗakin haya a garuruwan da kai ma kake nema. Kwal ɗin ma har wasa yake yi da mutane: a Wingen, kilomita 20 arewa da Scone, akwai dutsen da kwal ke ci da wuta a ƙarƙashinsa kimanin shekara 6,000, hayaƙi na fita ta tsaguwar ƙasa.

Batun kuɗi akwai wani abin dariya a ciki. A 2024 mafi ƙarancin albashi a Ostireliya dala 24.10 ne a awa, a Afirka ta Kudu kuma rand 27.58 a awa. Lambobin kamar 'yan uwa, amma a lokacin dalar Ostireliya ɗaya tana sayen kusan rand 12. Wato wanda ya samu aiki da izini a Scone zai iya tara abin dawowa da shi, na Robertson kuwa da ƙyar ya riƙe kansa. Idan kuma da kuɗin aljihunka za ka je, lissafin sai ya juye: masauki da abinci da mota a Robertson sun fi sauƙi nesa ba kusa ba.

To amma samun izinin shi ne ƙashin bayan zancen. Gidajen dawakin Hunter sun dogara da matasa daga Ailan da Ingila da Faransa da ke zuwa da bizar hutu da aiki. Najeriya da Nijar da Gana ba sa cikin ƙasashen da ake ba irin wannan biza. Hanyar da ta rage ita ce wani gida ya tsaya maka, ko ka shiga ta karatu. Akwai shirin Godolphin Flying Start na shekara biyu, wanda ke zagayawa da ɗalibai Ailan da Ingila da Amurka da Hunter da Dubai, amma mutum 12 kawai ake ɗauka a shekara daga duk duniya. Afirka ta Kudu ma ba ta raba izinin aiki kamar goro, ga rashin aikin yi da ya yi wa 'yan ƙasa katutu. A duka ƙasashen bizar yawon buɗe ido ba ta halatta aiki, kuma shaidar likitan dabbobi ta gida ba ta ba ka damar yin magani da kanka sai ka ci jarrabawar hukumarsu. Abin da ya fi yiwuwa ga yawancinmu shi ne ziyarar gani da ido ta 'yan makonni bisa gayyatar wani gida ko asibiti, kuma wannan ta fi sauƙin shiryawa da biya a Afirka ta Kudu. Daga Legas zuwa Johannesburg awa shida ne, bambancin agogo awa ɗaya. Zuwa Sidni kuwa sai ka bi ta Doha ko Dubai, zango na biyu kaɗai awa 14, sannan ka hau jirgin ƙasa na kusan awa huɗu zuwa Scone, kuma idan ka tashi kiran gida ka tuna suna gabanmu da awa tara, ko goma a lokacin zafinsu.

Ba zan ɓoye abin da ke da ɗaci a Robertson ba. Gari ne da tarihin wariyar launin fata bai gama sakinsa ba. Masu gonaki yawanci farare ne masu jin Afrikaans, ma'aikata kuwa baƙaƙe da ruwa-biyu, kuma wanda bai iya Afrikaans ko Xhosa ba zai rasa rabin hirar barga. A gonakin inabin lardin an daɗe ana biyan ma'aikata wani ɓangare na ladansu da giya. Doka ta hana tun farkon shekarun 1960, amma al'adar ta ja har shekarun 1990, kuma illar shaye-shayen da ta bari tana nan a jikin iyalai. A 2016 ma'aikatan Robertson Winery sun yi yajin aiki na makonni 14 a kan albashi. A Maris na 2022 rikici ya ɓarke a unguwar Nkqubela tsakanin 'yan ci-rani daga Zimbabwe da na Lesotho a kan aikin gona, aka ƙona matsugunai. Ɗan Najeriya kuma bai manta 2019 ba, lokacin da aka kwaso mutanenmu da jirgi daga Johannesburg. Baƙon da ke zaune a cikin gona bisa gayyata ba ya cikin wannan takara ta neman aikin yini, amma ya san inda yake, kada ya yi yawon dare. Scone ta fi kwanciyar hankali ta wannan fuska. Matsalarta ita ce shiru da nisa, da kasancewa kai kaɗai mai irin fuskarka a kanti.

Akwai mutum ɗaya da zan ce masa ya tafi Scone kai tsaye ba tare da dogon tunani ba, shi ne mai folo. Tun zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko da ɗansa Usman Nagogo wasan ya zama namu, amma har yau manyan dawakin wasa sayowa muke yi. A arewa maso gabas da Scone akwai Ellerston, gandun da attajirin nan Kerry Packer ya gina ya mayar da shi ɗaya daga cikin fitattun wuraren folo da kiwon dawakinsa a duniya. Gida ne na masu shi, ba a shiga sai da gayyata, amma yankin gaba ɗaya ya san wasan, kulob ɗin folo na Scone ma tun ƙarshen ƙarni na 19 yake. A garin ne kuma hedikwatar ƙungiyar Australian Stock Horse take, jinsin dokin da makiyayan shanu ke hawa, mai juriya da saurin juyawa, wanda ya fi kusa da buƙatarmu fiye da dokin sukuwa mai siraran ƙafafu. Robertson ba garin folo ba ne. Mai neman wasan a Afirka ta Kudu sai ya nufi Paarl ko Plettenberg Bay.

Ga amsar da na ba ɗan ƙanwata. Na ce masa, in burinka shi ne ka zama likitan tiyatar dawaki ko ka zauna a waje kana aiki, ka sa Scone a gaba, ka fara shirin jarrabawarsu, ka san hanya ce mai tsawo. In kuwa so kake ka dawo ka buɗe wurinka, ka riƙa duba dawakin fada da na 'yan folo, ka fara da Robertson, domin ƙwarinsu ƙwarinmu ne, ƙishin ƙasarsu irin namu ne, har ɗauke wutar lantarki sun sani. Ya ce, "Kawu, ai dawowa zan yi." Na ce to ka rubuta wa gidajen tun Maris ko Afrilu, kafin su cika gurabensu, ka nemi zuwa tsakanin Satumba da Oktoba lokacin da haihuwa da barbara suke haɗuwa. Ka nemi katin rigakafin shawara tun da wuri, duka ƙasashen suna tambayarsa. Ka sayi rigar sanyi ta gaske, don gadin dare a watan Agusta a can ba irin hunturun Jos ba ne, raɓa daskarewa take yi a kan ciyawa. Takalman barga kuma ka wanke su tas, ka faɗa wa jami'an filin jirgi cewa sun taɓa dabbobi. Kilishin da mahaifiyarka za ta cusa maka a jaka, ka cinye shi kafin ka sauka.